Yatsan da Ya Goge Aikin Wata Huɗu

Litinin, 3 ga Maris

Yau na yi aika-aika. Mamana, wato 'yata ta fari da ta ci sunan tsohuwata, ta biyo shagon askina da rana, ta jona rikodarta a caji, ta ce, "Baba, don Allah kar ka taɓa." Ta fita sayen ruwa. Ni kuwa da ajina huɗu na firamare ji nake kamar injiniya. Na ce bari in ji yadda muryata take a na'urar 'yan jarida. Na danna nan, na danna can, wani rubutun Turanci ya fito yana tambayata wani abu. A tambaye ka cikin ladabi ka ce a'a? Na ce masa e.

Komai ya goge.

Talata, 4 ga Maris

Ashe hirar wata mai sharar titi ce. Wata huɗu Mamana tana bin ta kafin ta yarda ta yi magana a kan shugabansu, mai kiran mata ɗakin ajiyar tsintsiya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ƙi, ya soke sunanta daga aiki. Ita wannan da ta ƙi, har haƙori ya cire mata. Jiya da safe aka yi hirar, batir ya mutu kafin a kwafe. Editan jaridar su Mamana ya ce in babu muryarta babu labari, mutumin kuma yana nan kan kujerarsa.

Mamana ba ta yi min faɗa ba. Da ma ta yi. Uwarta ce ta yi a madadinta: "Rediyo uku ka kashe a gidan nan da wannan yatsan." Biyu ne. Na ukun da ciwonsa ya zo.

Alhamis, 6 ga Maris

Matar ta ce ba za ta maimaita ba, wancan karon ma kwana biyu ta yi abinci bai shiga ba. Hankalina ba ya jikina, na zabge wa wani gefen kai. Na ce sabon yayi ne. Har godiya ya yi.

Asabar, 8 ga Maris

Wai matar ta ce a kawo mata wanda ya goge, tana so ta ga fuskarsa. Na tambayi Mamana ko da tsintsiya za ta tarbe ni. Ba ta yi dariya ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Ɗaki ɗaya a bayan tasha, labule ya raba shi biyu, rigar aikinta mai ɗaukar ido rataye a ƙusa. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne injiniyan?"

Na ce ni ne, na yi ritaya.

"Ai na san shagonka. Kai ne mai watso gashi titi bayan mun gama shara."

Na nemi inda zan sa idona na rasa. Na fara jero ban haƙuri ta katse ni. "Baban 'yar jarida, tunda yatsanka ba ya zama, ga aiki. Kai za ka riƙe rikodar in maimaita. In na iya faɗa a gaban namiji mai furfura, zan iya faɗa a ko'ina."

Awa ɗaya da minti goma na riƙe. Ban san hannu yana nauyi haka ba. Wurin da ta ce ta je wa yayanta da bakinta a kumbure, ya ce ta yi haƙuri kar ta tona musu asiri, nan na kusa sakin rikodar. Mamana ta tallabo min gwiwar hannu.

Da muka fito ta kwafe hirar wuri uku kafin ta bar ni in yi ko tari.

Litinin, 10 ga Maris

Na sayi buhu na zuba gashi. Don tsafta ne kawai.

Alhamis, 20 ga Maris

Labari ya fito, an sakaya sunanta. Wasu mata huɗu sun kira ofishin jaridar da nasu labarin. An dakatar da mutumin, ana bincike. Na karanta da kaina, sai da na ci awa biyu ina bin layi da yatsa. Masu zuwa aski na ta gardamar ko wace ce. Ni, mai aski, na sani, na yi shiru. A rubuta min wannan a tarihi.

Asabar, 22 ga Maris

Ba wani abu ba ne. Kawai na tuna Auta, ƙanwata. Shekara goma sha tara ke nan da ta zo min daga gidan mijinta da ido a kumbure. Na ce, "Ke da ƙofa kuka yi dambe?" Kowa ya yi dariya, na sa ta a mota na mayar da ita wurinsa. Daga baya ta fito da kanta, ba da taimakona ba. Muna gaisawa, tana ce min Yaya, iyakarta ke nan.

Lambarta na buɗe a wayata tun safe. Yatsan da ba a taɓa roƙonsa ya danna abu ba, yau ya ƙi.

Gobe zan je wurinta da ƙafata. Ba zan tafi da barkwanci ko ɗaya ba.