Tsallen Barney

Hollywood, Afrilu 1926

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da su Lenora. Ya ciwon gwiwar? Ya gona?

Na karanta wasiƙarki har sau biyu ina dariya. Ki kwantar da hankalinki, karena Barney bai haukace ba. Abin da kika gani a majigi, ya kayar da ni yana neman maƙogwarona, murna ce kawai, irin tsallen da yake yi mini in na dawo daga kiwo. Fim ɗin kaboyi ba ya ɗaukar murya, shi ya sa ba ki ji ba. Ina sanye da baƙar hula da gashin bakin ƙarya, na murtuke fuska, amma bakina cewa yake, "Zo nan, yaron kirki!" Da ya zo sai in faɗi, shi kuma ya yi ta lasar wuyana.

Shi ne jarumi, ni ne mugu, domin ba wanda yake yi wa wannan tsallen sai ni. Yara na jifana a titi saboda ƙaunar karena. Na rasa ko in ji haushi ko in gode musu.

Ɗanki,
Orval

Yuni 1926

Mama,

Ina gaida ki, da fatan zafin bana bai takura miki ba.

Mista Kessinger, mai ba da umarni, ya ce tsallen ya yi sanyi. Sai ya sa aka riƙa kulle Barney a keji kwana da kwanaki ba ya ganina, wai kewa ta cika shi. Dabarar ta ci. Ran da aka sake shi ya yi mini tsallen da har haƙarƙarina ya yi tsami, kowa na tafi. Ni ma na ji daɗi, kuma ban san dalilin da ya sa na kasa cin abinci ba.

Yanzu kuma wai a sabon fim sai mugu ya zane shi da bulala. Na ce a yi dukan ƙarya. Ya ce, "Kai dai baƙauye ne, Orval. Mutum ya iya ƙarya, kare bai iya ba. Sau ɗaya ne fa, gobe ya manta."

Mama, ke kika shayar da shi madara da cokali. Kare yana mantawa?

Naki,
Orval

Satumba 1926

Mama,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yafe mini shirun, hannun dama ne a ɗaure.

Ban jira amsarki ba, na zane shi. Bai gudu ba, bai yi kuka ba, kallona kawai ya yi. Bayan kwanakin keji aka sake shi, na kira shi yadda na saba, ya taho a guje, ya yi tsalle. Sai da likita ya ɗinke mini hannu. Kessinger ya ce kuskure ne, zumuɗi ya yi masa yawa. Masu kula da dawaki suka ce ramuwa ce. Ni da nake ƙarƙashinsa ban sani ba, domin yana cizona, wutsiyarsa kuma na kaɗawa.

Jiya na shiga gidan majigi. Sun haɗa tsohon tsalle da sabo a fim ɗaya. Mai fiyano na kiɗa, jama'a na ihu, ni kuwa na zura ido in raba na murna da na cizo. Wallahi na kasa, Mama. Iri ɗaya ne.

Fim ɗin zai iso garinmu kafin sanyi. Ke da kika raine mu mu biyu, ki je ki duba mini. Tun farko ke kika ce kin ga wani abu a idonsa, na yi miki dariya.

Na bar aikin, na dawo da shi ɗakina. Yana ci, yana kwana a bakin ƙofa kamar da. Ɗazu na kira shi, ya taso ya zo. Amma sai da ya fara duban hannuna kafin ya dubi fuskata.

Ɗanki mai kewarki,
Orval