Harshen Saudatu

Korgom, daren Laraba, cikin Rajab 1309

Shekara tara rabona da gida Kabi, ga shi zazzaɓin matata Saudatu ya tsayar da ni a gidan mutane. Na gaji da hanya, godiyar ma na gaji da ita.

Yau Inna Hajo, matar mai masaukinmu, ta ji Saudatu tana sambatu da harshen da ba ta sani ba. Ta jawo Bafulatana mai nono, ta jawo wata Buzuwa. Kowacce ta kasa kunne, ta girgiza kai.

Inna Hajo ta ce, "Alhaji, baƙa ce kamarmu, ai danginta ba su yi nisa ba!"

Na so in yi faɗa, amma don alheri ta yi. Na ce, "Inna, a Makka na aure ta. Alhazan tsibirin Jawa suka zo da ita daga wani tsibiri can gabas da su."

Wani malaminsu ya taɓa gaya mini harsunan tsibiransu 'yan uwa ne, ƙidayarsu ma kusan ɗaya. Harshen su Saudatu kuwa ba danginsu ba ne, sai aron kalmomi irin namu da Fulani. Ko mutanen bayan dutsen garinsu ba sa jin maganarsu. In ban koya ba, wa zai amsa mata?

Da ta farfaɗo na nuna mata ruwa, na ce ta faɗa mini sunansa da harshen uwarta. Na maimaita, ta yi dariya har da tari.

"Maigida, bakinka nauyi!"

Haka muka yi da wuta da uwa. Abin da na tsira da shi dai: jaki ɗaya, riga biyu, da kalmomi uku na harshenta. Ruwa, wuta, uwa.