Gangaren da Nistor Ya Mutu

Baba,

Gaisuwa gare ka da Inna daga duwatsun Tirol. Yaya ƙafarka? Ni lafiya, ina cin abinci, ina fita aiki.

Ka ce mahaifiyar abokina Nistor tana tambayar yadda wurin da icce ya danne shi yake. Inda guguwar da aka yi ta kayar da itatuwa ɗai-ɗai, ƙanana sun tsiro har gwiwa. Amma gangaren da ya mutu, kaf ta kwantar da itatuwansa, muka kwashe su da injuna, sai kututture da laka. Shugabanmu ya ce, "Gavril, jikanka ne zai sha inuwa a nan."

Kullum ta nan nake wucewa, ba na jin komai.

A aiko min safar ulu. Mahaifiyar Nistor kuwa, ka ce mata wurin akwai itatuwa da tsuntsaye.

Allah ya bar mana ku.

Ɗanka,
Gavril