Jininki Daban, Nawa Daban

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya nauyi? Ki yafe mini rashin zuwa. Sabuwar manhajar asibitin da kike zuwa awo za ta fara aiki ƙarshen wata, ranar ba ta ɗaguwa, kuma ni ce shugabar masu gwaji. Lokaci ba zai ishe mu mu gwada duka ba. Oga ya ce mu dage kan shafukan da manyan baƙi za su gani. Ni kuwa na ce a fara da inda kuskure zai iya kisa.

Jiya na saka bayananmu don gwaji. Manhajar ta ga uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, suna kusan ɗaya, sai ta haɗe mu a fayil guda, ta ba ki rukunin jinina. Wallahi na tsorata.

Ki gaida maigidan.
Yayarki

Uwar taurin kai,

Wa alaikumus salam. Wace ce ƙanwar taki? Don kin riga ni faɗowa? Yo ko Baba har yau kiran sunanmu yake a haɗe, balle na'ura!

Amma wasa ya tsaya nan. Likita ta ce aiki za a yi mini, farkon wata, kuma wataƙila a ƙara mini jini. Kada ki sa hannu a kan abin da ba ki yarda da shi ba, ko da ogan zai haɗiye zuciya.

Allah Ya dafa miki.
Abokiyar tagwaitakarki

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Na ƙi sa hannu. Oga ya buga tebur, ya ce tagwaye nawa ne a duniya da zan tsayar masa da aiki? Na ce ɗaya na gabansa, ɗaya kuma za a kwantar da ita a gadon tiyata. Dole ya ƙyale mu.

Mun ajiye kwalliyar shafuka, mun koma kan jini, magani da haɗe fayil. Ranar buɗewa hoton maraba ya ƙi fitowa a gaban baƙi, har yau oga ba ya amsa gaisuwata. Ko a jikina.

Allah Ya raba lafiya.
Yayarki

Yaya,

Salamu alaikum. Na sauka. An ƙara mini jini, irin nawa. Biyu ne, duk mata, kuma nas ta ce kowacce da fayil ɗinta.

Yau kaɗai na kira ki Yaya. Ki zo ki ɗauki ɗaya, hannuna ya gaji.

Ƙanwarki