Inda Aka Ƙirga Ni

Litinin, 11 ga Maris

Yaya Teofilo ya kira daga ƙauye. Wai dattawa sun yanke: duk wanda ranar ƙidayar jama'a ba ta same shi a ƙauyenmu Jupani ba, ya manta da gonarsa. "Saturnina, gonar Inna ce fa, kar ki kawo mana taurin kan nan naki." Na ce shekara ashirin ina zaune a birnin El Alto, a nan nake tarina, a nan za a ƙirga ni. Da yawan kawuna gwamnati ke raba asibitoci, unguwarmu ko ɗakin allura babu.

Juma'a, 22 ga Maris

Motoci sun cika maƙil, kowa ya gudu ƙauyensu. Har Doña Nicasia, wadda ta fi kowa ihun asibiti a taron unguwa. Da muka haɗa ido ta ja hularta ƙasa, wai suruka ce ba lafiya. Surukar da muka binne bara.

Asabar, 23 ga Maris

Mai ƙidaya ta bi layinmu tana buga ƙofofi, karnuka ke amsa mata. Gida huɗu kacal ta samu da mutane. Na ba ta shayin ganyen koka, ta rubuta ni, mutum ɗaya.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Dattawa sun ba ɗan kawunmu gonar. Da dankalin da na shuka a ciki.

Talata, 3 ga Satumba

Sakamako ya fito. A takarda unguwarmu kusan kango ce, saboda haka babu asibiti, sai wata ƙidayar, shekara goma ke nan in an yi sa'a. Jupani kuwa za a ƙara mata azuzuwa, garin da tsofaffi da tumaki ne kawai ke kwana. Takaici ya hana ni cin abinci. Na rasa gona, na rasa asibitin.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na dawo kasuwa na tarar da Yaya zaune a ƙofata, ƙafa ta kumbura kamar tulu. A ƙauye babu likita, an ce ya zo birni. "Kin yi gaskiya," ya ce, kansa a ƙasa. Na ce gaskiyar ba ta dahuwa a tukunya.

Gobe mota biyu za mu hau kafin mu kai asibiti, ni ce kuma zan riƙe shi a layi. Na ba shi bargona mai kauri. Ba yafewa na yi ba, sanyi ne ya yi yawa.