Koren Alƙalami

Litinin, 3 ga Maris
Inna mai shara ta yanke a tafin hannu. Fasasshiyar kwalbar gwaji a cikin kwandon takardu! Ɗinki huɗu. Shekara guda ke nan ina fama a ɗakin gwajin nan: jan kwando na gilashi da allura, rawaya na duk abin da ya taɓa sinadari, shuɗi na takarda. Masu haddace sunayen ƙwayoyin cuta da Latin, kala uku ta gagare su.

Laraba, 5 ga Maris
Farfesa, shugaban sashe, ya ce sakacin Inna ne, ba ta sa safar hannu ba, a sallame ta a taron Talata. Safar da na rubuta masa sau uku a kawo. Wai, "Malama, kin cika ɗaukar zafi." Bai ga zafi ba tukuna.

Alhamis, 6 ga Maris
Dama na hana a zubar da kwandon. Na zazzage shi a kan tebur, na yi ta jera gutsattsarin a kan tire da hantsaki har rubutun jikin kwalbar ya haɗu. Kore ne. Mutum ɗaya ke rubutu da koren alƙalami a sashen nan, shi ya ma haramta wa kowa amfani da shi.

Talata, 11 ga Maris
A taron, na dire tiren a gaban Farfesa cikin ladabi. "Ranka ya daɗe, idona ya fara rauni, a taimaka a karanta mana." Ya gyara tabarau. Ya sake gyarawa. Wani dokta har tarin ƙarya ya sarƙe shi.

Inna na nan daram. Safa za ta zo, kwanduna uku a kowane ɗakin gwaji, kuma shi da kansa ya sa hannu. Da kore.

Asabar, 15 ga Maris
Har yanzu in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai a kicin.

Juma'a, 21 ga Maris
Inna ta ja ni gefe, ta miƙo min wani abu naɗe a tsumma. "'Yata, wannan a shuɗi na tsince shi." Guntun gilashi. Baƙin alƙalami. Rubutuna.

Ita ba ta nemi tire ba.

Farfesa ya gaishe ni a baranda, na amsa. Har na tambaye shi ya ciwon gwiwarsa. Gaisuwa ce kawai.