Idanun Mushe Alƙasim

Buza, 6 Oktoba 1983

Ƙanena Ɗayyabu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a Tawa. Matata Kulu, yayarka, ke rubuta mini wannan, don idanuna sun yi rauni. Ko rubutuna na allo ba na gani. Nahawun Ingilishi yanzu da ka nake karantar da shi, go, went, gone, kamar yadda na karantar da kai a ƙarƙashin itacen bedin gidanmu. Ɗiyan kwaleji, masu ce mini Mushe, wato malam da Faransanci, ba su gane ba tukuna. Saura shekara biyu in aje aiki da mutuncina. Ka riƙe wannan a cikinka. Ka yi haƙuri da zaman jira, Allah zai ba ka aji.

Naka, Alƙasim

Tawa, 20 Oktoba

Mushe,

Ina gaisuwa da ladabi. Na ji, Allah ya sawwaƙe. Shin harafi babba ma ba ka gani? Tun yaushe? Ka bayyana mini dalla-dalla, in nuna wa wani likita.

Ɗalibinka, Ɗayyabu

Buza, 2 Disamba

Ƙanena,

Bayan gaisuwa, abin da nake tsoro ya faru. Mai duba makarantu ya shigo ajina ba sanarwa. Ya ɗauki alli ya yi rubutu, ya ce, "Mushe, wannan jimla daidai take?" Na dubi farin hazo na ce daidai take. Ashe He have went ya rubuta. Yara arba'in suka fashe da dariya. Ya ce wa ƙaramar cikinsu, "Tashi ki gyara wa malaminki." Ta gyara, da abin da na koya mata. An sallame ni. Ina zargin shugaban makaranta. Mi likitan ya ce a kan bayanin da na aiko maka?

Alƙasim

Tawa, 15 Disamba

Mushe,

Gaisuwa. An ba ni ajinka daga Janairu. Ni na miƙa wa mai duba makarantu wasiƙunka biyu na zancen ido, kuma ban yi nadama ba. Makaho ba ya duba jarrabawa, ni kuwa shekara uku ina zaune ba aiki. Ka aiko mini littattafan darussanka, musamman inda ka bambanta since da for, har yau yana rikita ni. Gidan malamai kuma ku fita kafin ƙarshen wata.

Ɗayyabu

Karofane, 3 Janairu 1984

Ɗayyabu,

Ni ce Kulu. Mun dawo ƙauye. Na karanta masa wasiƙarka, amma layin farko kaɗai, da roƙon littattafan. Ya yi murna har da hawaye, ya ce aji ya faɗa hannun gida. Ga su nan goma sha ɗaya, shi ya ɗaure su da kansa, yana sa maka albarka.

Kullum yana tambaya yaushe za ka zo. Ka zo Juma'a. Ka durƙusa, ka ci tuwonsa, ka ce amin. Ni kada ka gaishe ni.

Kulu